Gida, Turai ko ƙasashen Larabawa: ina ya kamata matashin ɗan ƙwallo ya fara sa ƙafa?

Wata ranar Asabar bayan sallar La'asar, wani dattijo da muke salla a masallaci ɗaya a Zangon Agege, wanda sana'arsa dillancin shanu ce a Abbatuwar Oko-Oba, ya tare ni a rumfar mai shayi, ya zaro takardu uku daga aljihun babbar rigarsa, ya shimfiɗa su a kan benci, ya ce, "Malam, kai ne ka daɗe a cikin harkar yaran nan, ka duba mini waɗannan, domin yaron ya hana ni barci, uwarsa kuma ta hana ni sakat." Ɗan nasa ɗan wasan tsakiya ne mai buga ƙwallo da ƙafar hagu, na san shi tun yana tsince mana ƙwallo a bayan raga, kuma a lokacin saura wata huɗu ya cika shekara 18. Takarda ta farko tayin kwantiragin kaka ɗaya ne daga wata ƙungiya da ke buga gasar firimiyar Najeriya. Ta biyu gayyatar gwaji ce ta mako uku daga wata ƙaramar ƙungiya a arewacin Turai, wadda ta ce ita za ta biya kuɗin jirgi da masauki. Ta uku kuwa daga hannun wani eja, wato dillalin 'yan wasa, ta fito, tana ɗauke da alƙawarin shekara uku a wata ƙungiyar rukuni na biyu a yankin Tekun Fasha, da albashin dala wanda, idan aka canza shi zuwa naira, ya ninka abin da uban yake samu a wata mai kyau.

Abin da na faɗa masa a wannan yammaci, da abin da na ƙara tunawa daga baya, shi nake so in rubuta, saboda ba shi kaɗai ne uba a Agege ko Idi-Araba ko Mile 12 da irin waɗannan takardu suka shigo gidansa ba, kuma yawanci idon iyaye kan tsaya ne a kan abu biyu, wato sunan ƙasa da yawan albashi, alhali kuwa ba su ne suke yanke makomar yaro ba.

Kafin a kwatanta komai, akwai doka guda da ta rufe ƙofa biyu daga cikin ukun har sai yaron ya cika shekara 18. Ƙa'idar FIFA ta hana a ɗauki ɗan wasan da bai kai waɗannan shekaru ba daga wata ƙasa zuwa wata, in ban da 'yan wasu dalilai ƙalilan, kamar iyayensa su yi ƙaura zuwa can saboda wani abin da bai shafi ƙwallo ba. Ahmed Musa kansa, bayan ya ci ƙwallo 18 a Kano Pillars ya zama wanda ya fi kowa zura ƙwallo a gasar Najeriya a 2010, sai da ya jira ya cika shekara 18 a watan Oktoban wannan shekarar kafin ya fara buga wa VVV-Venlo ta ƙasar Holan wasa. Saboda haka duk wanda ya zo ya ce zai fitar da yaro ɗan shekara 16 ya sa shi a ƙungiya a Turai nan take, ko dai bai san doka ba, ko kuma ya san ta sarai, kuɗin uban yake so. A nan ne kuma ya kamata in taɓo abin da kowa ya sani amma ake jin nauyin faɗa, wato rage shekaru. Da zarar bayanan fasfo sun shiga rajistar musayar 'yan wasa ta FIFA, sun zauna ke nan, za su bi ɗan wasa duk ƙasar da ya je, kuma jikin da aka rage wa shekara huɗu a takarda ba ya rage su a gwiwa.

Mu fara da gida, domin shi ne zaɓin da yara suka fi rainawa. Gasar firimiyar Najeriya tana da ƙungiyoyi 20, kowace tana buga wasa 38 a kaka, kuma yaron da ya sami gurbi a cikin sha ɗayan farko zai buga da manyan mutane masu iyali, waɗanda abincinsu ya dogara da su hana shi wucewa. Wannan makaranta ce da babu wata akadami da za ta iya ba shi. Zai koyi yadda ake tsayawa a gaban 'yan kallon filin Sani Abacha a Kano, da yadda ake fita wasa a Aba bayan an kwana a mota, kuma yana yin haka ne yana jin harshen da ake magana, yana cin abincin da cikinsa ya saba da shi, idan ya ji rauni kuma mahaifiyarsa tana iya zuwa ta gan shi. Illolin ma ba ɓoyayyu ba ne. Mafi yawan ƙungiyoyin mallakar gwamnatocin jihohi ne, don haka albashi yakan bi lafiyar baitulmalin jiha da ra'ayin wanda ke kan mulki, tafiye-tafiye galibi a kan titi ake yin su, filaye da dama suna cin gwiwa da idon sawu, kula da mai rauni kuma ta dogara da ƙungiyar da mutum ya faɗa. Duk da haka akwai waɗanda suka yi rayuwarsu a nan cikin mutunci, kamar Rabi'u Ali, wanda ya ɗauki kofin gasar tare da Kano Pillars a 2012 da 2013 da 2014, ya kuma ci gaba da wasa har ya haura shekara 40.

Wani abu da ya canza a 'yan shekarun nan, wanda ya shafi mu mazauna Legas kai tsaye, shi ne bunƙasar ƙungiyoyi masu zaman kansu a wannan yanki. Remo Stars da ke Ikenne a jihar Ogun ta lashe gasar a 2025, kuma mai ita ya sayi mafi yawan hannun jarin ƙungiyar Feirense ta Fotugal a 2015. Mai Sporting Lagos shi ma ya sayi hannun jari a Aarhus Fremad ta Denmak. FC Ebedei ta daɗe tana da alaƙa da Midtjylland ta Denmak, kuma ta wannan hanya ce Paul Onuachu da Frank Onyeka suka fita. Ma'anar wannan ita ce zama a gida ba lallai ne ya zama rufe ƙofar waje ba, matuƙar an zaɓi ƙungiyar da sayar da 'yan wasa yana cikin tsarin kasuwancinta, aka kuma sa hannu a kwantiragi gajere wanda ba zai ɗaure yaro ba idan mai saye ya zo.

Zaɓi na biyu shi ne ƙananan gasannin Turai, kuma a nan zan fi daɗewa, saboda a nan ne ake samun riba mafi girma, a nan ne kuma ake yin asara mafi ciwo. Idan mutum ya bi tarihin 'yan Najeriya da suka yi suna a shekaru ashirin da suka wuce, zai ga kusan dukkansu ta ƙaramar ƙofa suka shiga. Odion Ighalo, ɗan Ajegunle, Lyn ta birnin Oslo ya fara zuwa a 2007. Wilfred Ndidi ya tashi daga Nath Boys ta nan Legas zuwa Genk ta Beljiyam a 2015, bayan shekara biyu Leicester ta saye shi. Victor Boniface ya bar Real Sapphire zuwa Bodø/Glimt ta Norway a 2019, daga nan Union Saint-Gilloise ta Beljiyam, daga nan Bayer Leverkusen, inda suka ɗauki kofin Jamus a 2024 ba tare da an doke su ko sau ɗaya a gasar ba. Zaidu Sanusi, ɗan Jega ta jihar Kebbi, a Mirandela ya yi ta fama, wata ƙungiya ta ƙananan rukunan Fotugal da ba a nuna wasanta a gidajen kallonmu, kafin Santa Clara ta ɗauke shi, sannan Porto a 2020, kuma shi ne ya ci ƙwallon da ta ba Porto kofin gasar a gidan Benfica a 2022.

Dalilin da ya sa waɗannan ƙasashe suke zama tsani ba wai sun fi son baƙar fata ba ne, lissafin kasuwa ne kawai. Ƙungiya a Norway ko Suwidin ko Denmak ko Beljiyam ba ta da kuɗin talabijin irin na Ingila, saboda haka hanyar samun kuɗinta ita ce ta sayi yaro da araha, ta horar da shi, ta sa shi a wasa domin masu farautar 'yan wasa su gan shi, sannan ta sayar da shi da tsada. Wannan ya sa buƙatarta da buƙatar yaron suka zo ɗaya, domin ɗan wasan da ke zaune a benci ba ya sayuwa. Dillalin shanu bai sha wahalar gane wannan ba, nan take ya ce, "Wato kiwo suke yi." Na ce masa haka ne, Alhaji, sai dai a wannan kiwon, wanda ake kiwatawa shi ma yana da rabo. Akwai kuma dokokin ƙasashe da suke tura yaranmu ta nan. Tun daga 2021 Ingila take amfani da tsarin maki wajen ba ɗan wasan waje izinin aiki, inda ake duba wasannin da ya buga wa ƙasarsa da ƙarfin gasar da ya fito, don haka da wuya yaro ya tashi daga Agege ya sauka kai tsaye a gasar firimiyar Ingila. Holan kuma ta ɗora mafi ƙarancin albashi mai tsada a kan duk ɗan wasan da ba na Tarayyar Turai ba, abin da ya sa ƙungiyoyinta ba sa ɗaukar ɗan Afirka sai wanda suka tabbatar da shi.

Amma fa hangen Dala ba shiga birni ba ne, kuma takardar da Alhaji ya riƙe ta gwaji ce, ba kwantiragi ba. Gwaji yana nufin yaro ya sauka daga jirgi a ƙasar da sanyinta bai taɓa jin irinsa ba, ya shiga fili da mutanen da suka shekara suna wasa tare, a kan ciyawar roba wataƙila, ya kuma burge koci cikin mako biyu ko uku. Da yawa masu hazaƙa sun faɗi wannan jarrabawa ba don ba su iya ba. Victor Osimhen, wanda ya tashi a Olusosun kusa da Ojota, ya ci ƙwallo 10 a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a Chile a 2015, amma da ya je Wolfsburg ta Jamus bai ci ƙwallo ko ɗaya ba, rauni da zazzaɓin cizon sauro suka karya shi, har wasu ƙungiyoyin Beljiyam suka gwada shi suka ce ba sa so. Sai da Charleroi ta karɓe shi aro a 2018, ta riƙa sa shi wasa kowane mako, sannan ƙwallaye suka dawo, Lille ta saye shi a 2019, Napoli ta biyo baya a 2020, ya ci ƙwallo 26 a kakar da suka ɗauki kofin Italiya a 2023. Mutum ɗaya ne, ƙafa ɗaya ce, abin da ya bambanta Wolfsburg da Charleroi shi ne mintunan da ya samu a fili.

Labarin Sadiq Umar, ɗan Kaduna, ya fi fito da wannan batu fili, kuma ina yawan ba da shi ga yaran da suke cewa su babbar ƙungiya kawai suke so. Yana matashi ƙwarai ya sami kansa a Roma, abin da kowane yaro a gidan kallo zai kira cikar buri. Abin da ya biyo baya kuwa shi ne aro bayan aro, daga Bologna zuwa Torino, zuwa NAC Breda ta Holan, zuwa Rangers ta Scotland, zuwa Perugia, kowace ƙungiya da sabon koci da sabon tsari da sabon gida, kuma babu wadda ta ɗauke shi a matsayin nata, tun da ta san ba ita za ta ci ribar gyara shi ba. Bai sami natsuwa ba sai a Partizan ta Sabiya, sannan Almería a rukuni na biyu na Sifaniya, inda ya yi ta cin ƙwallo har Real Sociedad ta saye shi a 2022. Bai daɗe da zuwa can ba jijiyar gwiwarsa ta tsinke, ya yi watanni yana jinya. Yawan ƙasashe a tarihin ɗan wasa, wanda mu 'yan kallo muke ƙirgawa da sha'awa, sau da yawa alama ce ta shekarun da ya yi yana neman inda zai zauna.

Wannan rauni ya kawo mu kan wata fa'ida ta Turai wadda ba a cika lissafa ta ba. Boniface ya tsinka jijiyar gwiwa har sau biyu yana Bodø/Glimt, kuma ya dawo ya ci gaba, saboda an yi masa tiyata a kan lokaci, an ba shi masu motsa jiki da suka bi shi wata da watanni, albashinsa kuma bai tsaya ba. Na san yara a nan Agege da irin wannan rauni ya mayar da su tuƙa babur, ba don ba su kai shi iya ƙwallo ba a lokacin. Idan ana auna tayi biyu, tambayar wa zai biya kuɗin tiyata, kuma shin albashi zai ci gaba lokacin jinya, ta fi tambayar nawa ne albashin muhimmanci, kuma dole amsar ta kasance a rubuce.

Sai zaɓi na uku, wanda shi ne ya fi jan hankalin Alhaji, kuma ban ga laifinsa ba. Ƙasashen Musulmi ne, yaron zai ji kiran salla daga ɗakinsa, ba zai tsaya karanta bayan gwangwani yana neman ko akwai naman alade ba, a watan azumi ana mayar da atisaye da wasanni zuwa dare, Umara kuma tana kusa. A Saudiyya da Katar da Daular Larabawa ba a cire harajin kuɗin shiga daga albashi, alhali a arewacin Turai haraji yana cin kaso mai tsoka, ga tsadar rayuwa, har ta kai albashin da ya yi kyau a takarda yakan koma ɗan abin da za a aika gida kaɗan ne. Idan kuɗin wannan shekara kaɗai ake dubawa, takarda ta uku ta yi wa sauran biyun fintinkau.

Sai dai ya kamata a raba ƙasashen Larabawa gida biyu. Manyan ƙungiyoyin arewacin Afirka, irin su Al Ahly da Zamalek a Masar, Espérance a Tunisiya, Wydad da Raja a Maroko, suna buga gasar zakarun Afirka, suna da 'yan kallo masu zafi da matsin lamba na gaske, kuma ɗan wasan da ya tsaya a can ya zama cikakke. Junior Ajayi ya bi ta CS Sfaxien ta Tunisiya zuwa Al Ahly a 2016, ya ɗauki kofin zakarun Afirka da ita a 2020 da 2021, ya yi suna da arziki ba tare da ya buga wa wata ƙungiyar Turai ba. Wannan hanya ce mai kyau, amma ta fi dacewa da wanda ya riga ya nuna kansa a gasar gida, domin gurbin 'yan waje ƙayyadadde ne, kuma ba a ba baƙo lokacin koyo, ana ɗauko shi ne ya kawo sakamako a makon da ya sauka. Yankin Tekun Fasha ma haka yake ta wannan fuska, har ya fi tsanani, domin ƙungiya takan sauya 'yan wajenta da kocinta a tsakiyar kaka ba tare da wani dogon tunani ba, masu farautar 'yan wasa daga Turai kuma ba su cika zuwa kallon rukuni na biyu a can ba.

Abin da ya kamata uba ya lura da shi shi ne a wace gaɓa ta rayuwarsu manyan 'yan wasanmu suka nufi ƙasashen kuɗi. Ighalo yana da shekara 27 ya tafi Changchun Yatai ta ƙasar Sin a 2017, bayan ya bi ta Italiya da Sifaniya ya kuma ci ƙwallaye a Watford, kuma sunan da ya yi a Ingila ne ya sa Manchester United ta ɗauko shi aro daga Shanghai Shenhua a 2020, kafin ya koma Saudiyya ya buga wa Al-Shabab da Al-Hilal. Ahmed Musa sai da ya ɗauki kofin Rasha sau uku da CSKA Moscow, ya je Leicester a 2016, ya ci ƙwallo biyu a ragar Ajantina a gasar duniya ta 2014 da wasu biyu a ragar Iceland a 2018, sannan ya tafi Al-Nassr, inda ya ɗauki kofin Saudiyya a 2019. Dukkansu da suna suka je, sunan ne kuma aka saya da tsada. Daga Turai zuwa Tekun Fasha hanya a buɗe take ko mutum ya kai shekara 30, amma daga can zuwa Turai ƙunci gare ta. Ba a ce ba a taɓa bin ta ba, domin Shehu Abdullahi ya tashi daga Kano Pillars zuwa Qadsia ta Kuwait a 2014, daga nan ya wuce Fotugal da Cyprus da Turkiyya, har ya je gasar duniya ta 2018, amma shi bai daɗe a Kuwait ba, kuma ya riga ya buga wa Najeriya wasa kafin ya tafi. Yaro ɗan shekara 18 da ya ɗaure kansa shekara uku a rukuni na biyu zai fito yana da shekara 21 da kuɗi a asusu, amma babu wanda ya san shi, sa'o'insa da suka je Norway ko suka tsaya a gasar gida kuma sun riga sun tara wasannin da ake iya nunawa.

Kuɗin ƙasashen da ake rububin zuwa ma ba dawwamamme ba ne. A shekarun da Ighalo ya je Sin, can na cikin wuraren da suka fi biya, amma daga baya hukuma ta ƙayyade albashi, kamfanonin da ke riƙe da ƙungiyoyi suka shiga matsala, har Jiangsu, wadda ta ɗauki kofin ƙasar a 2020, ta rufe a farkon 2021. Rasha, inda Ahmed Musa ya yi tashe a gasar zakarun Turai, an dakatar da ƙungiyoyinta daga gasannin Turai tun 2022. Ƙasar da take tsani yau tana iya zama rami bayan shekara biyar, shi ya sa ba a zaɓen ƙasa da labarin wanda ya je shekara goma da suka wuce.

Game da addini da kewar gida kuwa, ban ɓoye wa Alhaji komai ba. Garin Bodø yana can cikin yankin da rana ba ta faɗuwa na wasu makonni a tsakiyar shekara, a tsakiyar hunturu kuma da ƙyar ake ganin haskenta, kuma yaron da ya saba da hayaniyar Agege zai koma ɗaki shi kaɗai da ƙarfe uku na rana, babu mai ce masa sannu. Wannan kaɗaici ya karya yara fiye da yadda sanyi ya karya su. A 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa ne a ƙarshen hunturu, don haka tsawon yini bai yi muni ba, kuma manyan biranen Turai suna da masallatai da mahauta Musulmi, amma ƙaramin gari wani abu ne daban, ya kamata a bincika tun kafin a tashi, ba a fafe gora ranar tafiya.

Daga nan muka koma kan takarda ta uku da kyau, kuma a shafi na biyu na ga abin da nake tsoro: ana so uban ya fara biyan wasu miliyoyin naira na biza da tikiti da abin da aka kira kuɗin rajista. Na tambaye shi, "Alhaji, a Abbatuwa yaushe dillali yake karɓar la'adarsa?" Ya ce, "Bayan an yi ciniki, an sallama." Na ce to haka yake a ƙwallo. Ƙungiyar da take son ɗan wasa da gaske ita take aiko da gayyata a kan takardarta, ita take biyan jirgi, eja kuma daga cinikin da aka ƙulla yake samun nasa. Tun 2023 FIFA ta wajabta wa ejoji cin jarrabawa da mallakar lasisi, sunayen masu lasisin kuma suna shafinta na intanet, kowa yana iya dubawa. Ba na manta wani yaro na unguwarmu da mahaifinsa ya sayar da fili a gida Arewa ya biya irin wannan kuɗi, aka kai yaron wata ƙasa ta gabashin Turai da bizar yawon buɗe ido, aka ajiye shi a otal, wanda ya kai shi ya kashe waya, bizar ta ƙare, sai da aka yi karo-karo a masallaci aka dawo da shi. Yanzu yana taya wani ɗan'uwansa tsaron shago, ko gidan kallo ba ya shiga.

Ko da tayin na gaskiya ne, akwai abubuwan da dole lauya ya duba kafin a sa hannu: a wane kuɗi za a biya albashin, kafin haraji ne ko bayansa, wa ke da alhakin gida da tikitin dawowa, kuma shin ƙungiya ta ba kanta damar soke kwantiragi ita kaɗai. Ya kamata ɗan wasa ya riƙe kwafinsa mai sa hannu a harshen da yake fahimta, kada kuma ya bar fasfonsa a hannun kowa. Dokar FIFA ta ce idan ƙungiya ta riƙe albashin wata biyu, ɗan wasa yana iya rubuta mata gargaɗi ya ba ta kwana 15, in ba ta biya ba yana da hurumin ya soke kwantiragin ya nemi haƙƙinsa, kuma ɗan wasan da ke wata ƙasa yana iya kai ƙara kotun ƙwallo ta FIFA ba tare da biyan kuɗin shari'a ba, muddin bai bari shekara biyu ta wuce ba. Duk wannan kariya tana aiki ne ga wanda yake da rubutaccen kwantiragi da rajista. Haka kuma a tabbatar an yi wa yaro rajista da sunan ƙungiyar da ta rene shi tun yana ƙarami, domin kashi 5 cikin 100 na kuɗin sayar da ɗan wasa zuwa wata ƙasa ana raba shi ne ga ƙungiyoyin da suka horar da shi daga shekara 12 zuwa 23, kuma ƙungiyoyin unguwa da yawa sun yi asarar wannan haƙƙi saboda babu takarda.

Shawarar da na ba Alhaji ita ce ya ajiye takarda ta uku gaba ɗaya, ba don yankin ba shi da kyau ba, sai don lokacinsa bai yi ba, kuma wanda ya kawo ta yana neman la'ada kafin ciniki. Tsakanin sauran biyun kuwa, da a ce ta Turai cikakken kwantiragi ce daga ƙungiyar da aka san tana sa matasa a wasa, da ban yi jinkirin cewa ya tafi ba. Tun da gwaji ce, na ce kada ya saki ta gida saboda ita, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Yaron ya karɓi kaka ɗaya a gasar Najeriya, amma a rubuta a cikin kwantiragin cewa ƙungiyar za ta sake shi ya je gwaji bayan ya cika shekara 18, a kuma rubuta adadin kuɗin da idan wata ƙungiyar waje ta biya dole a sallame shi. Idan gwajin ya yi kyau, ya tafi yana da wasannin manya a ƙafarsa da bidiyon da za a nuna. Idan bai yi ba, ya dawo ya tarar da gurbinsa, ba ya dawo ya zauna a gida ana nuna shi da baki ba.

Alhaji ya naɗe takardun ya mayar aljihu, ya ce zai yi shawara da uwar yaron da kuma kawunsa da ke Kano, sannan ya tambaye ni ko na san lauyan da ya fahimci irin wannan kwantiragi wanda ba zai tsuga masa kuɗi ba. Na ce akwai wani a Ikeja, za mu je tare ranar Talata idan ya taso daga kasuwa. Ya biya kuɗin shayinmu duka biyu, ya miƙe, har ya yi taku kaɗan sai ya juyo ya ce in taimaka in yi wa yaron magana da kaina, domin tun da ya ga adadin dalar nan, ba ya jin maganar kowa a gidan.